Kadiri da Notin Bindigar Gasa

A lungun da ke gangaren babbar gota, wato kwatar ruwa, ta Nima, kowa ya san Kadiri mai gyaran murhun gas. Ba aikinsa ne ya sa aka san shi ba, bakinsa ne. In ka kai masa murhu mai kai biyu, ɗaya ba ya kamawa, zai dawo maka da shi su biyun sun daidaita, wato babu mai kamawa. Sannan ya zaunar da kai ya ba ka labarin shekara bakwai da ya yi tare da sojoji. Gaskiyar magana, kakinsu ya yi ta gogewa a wani shago kusa da bariki, har ranar da ya ƙona wandon wani saje aka sallame shi. Amma a bakin Kadiri, babu bindigar da bai kwance ya ɗaura ba ido a rufe.

Matarsa Sherifa tana da ƙane, Abdul-Latif, malamin lissafi a wata makaranta a Kokomlemle, mutum shiru-shiru wanda ba shi da abin so a duniya sai harbin takarda. Yana cikin wata ƙungiyar masu gasar harbi, inda ake kafa takarda a nesa a ga wa zai huda tsakiyarta. Bindigarsa ba ta albarushi ba ce. Wata 'yar tukunya ce a ƙarƙashin bututun, cike da gas, ita ke tura ɗan harsashin dalma da bai kai ƙwayar wake ba. Ranar Laraba ruwan sama ya shiga ɗakinsa a Maamobi, sai ya ɗauko akwatin bindigar ya kawo wa yayarsa ajiya, domin ranar Asabar za a yi gasar da za a zaɓi mutum uku masu tafiya Lome.

Kuskurensa ɗaya: ya buɗe akwatin a gaban Kadiri.

"Wannan ɗan notin fa?" in ji Kadiri, yatsansa ya riga bakinsa isa wurin.

"Bra Kadiri, don Allah cire hannu," in ji Abdul-Latif. "Shi ke auna gas ɗin da ke bin harsashi. In ya yi kaɗan, harsashi ya faɗi a hanya. In ya yi yawa, bindiga ta yi tsalle, harbi ya watse. Wata uku na yi ina juya shi kaɗan-kaɗan, ina harbawa ina rubutawa, kafin ya zauna inda yake."

"Wata uku a kan noti ɗaya?" Kadiri ya yi dariya har da riƙe ciki. "Chale, ɗan'uwa, kun sha wahalar banza. Gas gas ne. Wanda ke cikin murhu da wanda ke cikin bindiga uwarsu ɗaya. Mu a bariki, kafin shayi ya huce mun gama wannan."

"Kafin dutsen guga ya huce dai," in ji Sherifa, tana tsince shinkafa ba ta ɗago kai ba.

Abdul-Latif ya rufe akwatin, ya tura shi ƙarƙashin gado da kansa, ya roƙi yayarsa sau uku kada kowa ya taɓa. Da ya ce kowa, mutum ɗaya yake kallo.

To, a bakin lungun akwai Hajiya Damata mai waakye, wadda shinkafa da wakenta ke sa direbobin trotro, motocin haya, su ajiye fasinja su shiga layi. Matsalarta ɗaya, hankaki. Garke ne guda suke zama a kan wayar lantarki, masu farin ƙirji kamar sun sa singileti, suna jiran ta juya baya. Ƙwai, kifi, guntun ganda, babu abin da suka raina. Washegari da safe, Sherifa na fita zuwa Tudu sarin atamfa, Kadiri ya zo sayen karin kumallo ya tarar da Hajiya tana zagin wani ƙaton hankaka da ya tashi da dafaffen ƙwai.

Nan take dabara ta faɗo masa, kuma dabarar Kadiri ba ta zuwa ƙarama.

"Hajiya, kukanki ya ƙare yau," ya ce. "Kafin azahar babu hankaka a lungun nan. Gobe na share Nima, jibi Maamobi. Sati mai zuwa mahautan Tudu za su zo da kansu suna roƙona. Kamfani zan buɗe, da allo da lambar waya. Kuma ina yi ina gyara wa surukina bindigarsa kyauta, ya ci gasa ya ambaci sunana a rediyo."

"Murhuna da ka kai gyara tun kafin azumi fa?" in ji Hajiya.

"Wannan aikin farar hula ne. Yau aikin soja za ki gani."

Gefen rumfar Hajiya akwai Gajere mai tsire, mutumin Maraɗi, mai magana a hankali kamar yana yanka ta da wuƙa. Ya ɗago daga jera tsinke ya ce, "Allah ya sa mu ga alheri. Ni dai bari in matsar da namana."

Kadiri ya koma gida ya fito da bindigar a kafaɗa, ya sa baƙin tabarau, ya cika aljihu da sukudireba da filaya. Kafin ya iso bakin lungu mutane sun taru, domin a Nima ba a aika goron gayyata in za a yi abin kallo. Ya durƙusa bayan bencin Hajiya, ya kafa ido a madubin bindigar, ya rufe ɗaya idon. Abin takaici, wanda ke kan madubin ya rufe.

Bindigar ta ce tas, a hankali, kamar an karya tsinken tsire. Hankakin ko motsi ba su yi ba. Butar alwalar Gajere, da ke zaune a gefe ba ta tsokani kowa ba, ta fara zubar da ruwa ta ciki.

"Ka same ta," in ji Gajere. "Shekara huɗu tana addabar unguwa."

"Laifin gas ne," in ji Kadiri. "Kun ji ƙararta? Bindiga ce ko atishawar kyanwa? Wata uku yaron nan yana shaƙe ta. Bari in buɗe mata maƙogwaro."

Notin yana buƙatar wani ɗan makulli na musamman da ke cikin akwatin, amma Kadiri ya ce wannan na 'yan koyo ne. Ya kafa filaya ya murɗa sau biyu. Bai tsaya tambayar kansa wane gefe ne buɗewa ba, domin gwani ba ya tambaya. Ya ɗura harsashi, ya ce mata su toshe kunne, masu hawan jini su koma gida.

Bindigar ta ce fus. Harsashin ya leƙo daga bakin bututu, ya yi kamar zai koma, sannan ya faɗo gaban takalmin Kadiri. Wata kaza da ke kiwo ta zo ta dube shi, ta haɗiye, ta wuce.

Layin waakye ya fashe da dariya. Wani direban trotro ya ce a kama kazar, yanzu makami ce.

"Gwaji ne," in ji Kadiri. "Sai ka san ƙasa kafin ka san sama. Haka ake koyarwa."

"A ina?" in ji Hajiya.

"Sirrin soja ne."

Ya juya filayar ɗaya gefen. Sau biyu don ya dawo inda yake, sau uku don gyara, sau ɗaya kuma saboda mutane suna kallo. Wannan karon bindigar ta yi ƙara ta gaske, ta yi tsalle, madubin ya daki tabaran Kadiri har gilashi ɗaya ya fita. Hankakin suka tashi, suka yi zagaye ɗaya don girmamawa, suka dawo suka zauna inda suke.

"Ina ya tafi?" wani ya tambaya.

Amsar ta zo daga sama. Baba Tijani, mai gidan da su Kadiri ke haya, yana da tankin ruwa na roba a kan rufi, wanda motar ruwa ta cika jiya bayan kwana tara famfo bai kawo ba. Wani siririn ruwa ya fito daga cikin tankin, ya yi baka a iska, ya sauka daidai kan hular Baba Tijani, wanda ke zaune a kujerarsa yana sauraron labarai.

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama, babu hadari. Ya dubi tanki. Ya dubi Kadiri.

"Kadiri," ya ce, "wa ya aike ka?"

"Baba, taimako na yi. Tankin ya cika da yawa. Da ban rage masa ba, fashewa zai yi."

"To, na gode. Yanzu hau ka toshe taimakon."

Kadiri ya hau tsani ya cusa asuwaki a ramin, ya sauko rigarsa sharkaf. Mai hankali da a nan ya mayar da bindigar akwati. Amma yana saukowa ya ga Sherifa tsaye da ƙunshin atamfa a ka, tana kallon bindigar ƙanenta jingine da bencin waakye, ruwan miya a gindinta.

Ta sauke kayan a hankali. Duk wanda ya san Sherifa ya san a hankalin nan ne matsala.

"Kadiri, me ke nan?"

"Gyara nake masa."

"Ya ce ta lalace?"

"Shi bai sani ba. Mara lafiya ba shi ke rubuta wa kansa magani ba."

"Sau nawa ka juya notin?"

"Biyu. Da uku. Da wani ɗaya."

"Wane gefe?"

"Duka."

"Notin bindiga ka kwance, ko na kanka?"

"Sherifa, kina zubar mini da girma gaban jama'a."

"Girman yana kan rufi, ka toshe shi da asuwaki." Ta ciro waya. "Bari in kira mai kaya."

Nan Kadiri ya yi wuf ya tare ta. Ya ce babu buƙatar tayar da hankalin malami yana aji, shi ya san daidai inda notin yake, hannunsa yana da tunani. Ya kama filaya ya koma baya sau huɗu, ya ga kamar ya wuce, ya dawo gaba sau biyu, sai Gajere ya tambaye shi ƙarfe nawa, lissafin ya zube gaba ɗaya. Don ya tabbatar wa jama'a komai ya koma daidai, ya kafa gwangwanin madara a kan katanga ya auna. Gwangwanin bai ji komai ba. Akwatin gilashin Hajiya, inda take jera taliya da ƙwai da soyayyen kifi, shi ne ya tsage daga sama har ƙasa, gilashin gaba ya zame ya kwanta.

Hajiya Damata ta ajiye ludayi.

"Wannan akwatin," ta ce, "shi kaɗai ne hankaki ba su iya buɗewa. Ka buɗe musu. Sannu da aiki, Kwamanda."

A daidai lokacin ƙaton hankakan nan ya sauko daga waya ya zauna a kan laimar rumfar, taku biyar daga hancin Kadiri, yana karkata kai yana duba kifi. Kadiri ya ga ƙofar da zai dawo da mutuncinsa ta buɗe. Harbi ɗaya, a manta da buta, a manta da tanki.

"Ku matsa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu zan ba ta gas ɗin manya."

"Kadiri, ajiye," in ji Sherifa.

"Malam, notin nan ya fito da yawa," in ji Gajere. "Ko ni mai tsire na gani."

"Kowa ya tsaya a sana'arsa," in ji Kadiri, ya murɗa. Ya sake murɗawa. A murɗa ta uku filayar ta ji babu nauyi.

Notin ya fita kamar an harbo shi, ya wuce kunnen direban trotro, ya faɗa cikin babbar tukunyar miyar Hajiya ya nutse. Bayansa duk gas ɗin da ke cikin bindigar ya biyo da wata doguwar ƙara, fari fat kamar hayaƙi, sanyi ƙalau har yatsun Kadiri suka ƙage. Farin ya lulluɓe benci, ya doshi murhun Hajiya da garwashin Gajere.

Wata mata a layi ta ce, "Gas." Ba ta ma ɗaga murya ba. Amma a unguwar da gidaje ke manne da juna, kowa da tukunyar gas a ɗaki, kalmar nan ba ta buƙatar lasifika. Layi ya watse. Masu shago suka bar shago, tela ya fito da awo a wuya, wanzami ya fito da wanda ya aske wa rabin kai. Baba Tijani, da ke cewa gwiwarsa ba ta kai shi masallacin Juma'a, ya wuce matasa biyu a guje.

Wanda ya riga kowa kuwa shi ne mai shekara bakwai da sojoji. Ya jefar da bindigar, Allah ya sa ta faɗa kan ƙunshin atamfar Sherifa, ya yanki lungu yana cewa a kwanta a ƙasa, shi kuwa bai kwanta ba. Da gilashi ɗaya a tabarau bai ga inda katakon tsallaka gota ya ƙare ba. Ya taka iska, ya sauka cikin baƙin ruwan da ruwan saman jiya ya tara, har ƙugu.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba. Sherifa ta ji ƙanenta ya faɗa sau da yawa cewa wannan gas ɗin ba ya kama wuta, irin wanda ke cikin lemon kwalba ne. Ta tsaya ta naɗe hannu, tana kallon abin da ya biyo baya. Ta ce daga baya ta so ta kori hankakin, amma ta ga gara a bar shaida.

Domin rumfa na zama babu kowa, hankaki suka sauko gaba ɗaya. Ba su yi hanzari ba. Suka shiga akwatin gilashi kamar an gayyace su suna, suka kwashe ƙwai, suka kwashe kifi, suka ja taliya har ƙasa. Waɗanda ba su samu wuri ba suka koma teburin Gajere. Da jama'a suka lallaɓo suka dawo bayan an tabbatar babu abin da ya fashe, sun tarar da tire wankakke, da ƙaton hankakan a kan laima yana goge baki.

Ana cikin jawo Kadiri daga gota da igiyar shanya Abdul-Latif, wanda Sherifa ta kira, ya sauka daga babur, alli a hannun rigarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki bindigar, ya shafa ta, ya dubi ramin da notin ya bari da tabon haƙoran filaya a gefensa. Ya daɗe yana kallo, har dariyar mutane ta mutu da kanta.

"Ina notin?" ya tambaya.

Kowa ya nuna tukunyar miya.

"Ana samun irinsa a kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai," in ji Kadiri daga nesa, domin babu wanda ya yarda ya matso. "Na san wani."

"Babu irinsa a ƙasar nan, Bra Kadiri," in ji Abdul-Latif. "Jibi ne gasar."

Baba Tijani ya yanke hukunci a tsaye, hularsa tana ɗiga. Da farko Kadiri ya yi wanka, sau biyu, da ruwan da zai ɗebo da kansa daga Maamobi. Sannan ya zauna gaban jama'a ya tace miyar Hajiya da rariya, ludayi bayan ludayi. Notin ya fito a ludayi na ƙarshe, lulluɓe da barkono. Game da hankaki kuwa, tun da ya yi alkawarin raba Hajiya da su, zai cika: wata guda, daga safe zuwa azahar, zai tsaya gefen rumfa da tsintsiya mai dogon hannu yana kora.

Abdul-Latif ya ɗauki hutun Juma'a, ya wuni a filin ƙungiyarsu da littafin da ya yi wata uku yana rubutu a ciki, yana juya noti yana harbawa. Aikin wata uku ba ya komawa wuni ɗaya. Ranar Asabar ya zo na huɗu, maki biyu tsakaninsa da Lome. Tun daga ranar in ya zo gaishe da yayarsa, a ƙofar gida yake tsayawa. Wannan ya fi damun Sherifa, kuma abin da ya dami Sherifa, Kadiri yana jin sa safe da yamma.

Shi kuwa ya kama aikin tsintsiya. Kwana biyu ya yi shiru, a na uku bakinsa ya warke. Ya riƙa gaya wa masu layi cewa ba don ya wanke wa bindigar hanya ba, da na goma surukinsa zai zo. Tsintsiyar ma, in ji shi, dabara ce ta yaƙin sunƙuru: kana bari abokin gaba ya saba da kai, sannan ka far masa.

Sabawa kam sun saba. Yana fitowa daga gida suke tasowa daga waya su raka shi har rumfa, wasu ma daga unguwannin da ba a san su ba. Yana kora ta dama suna ɗauka ta hagu.

A rana ta goma sha biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, bai fito ba. Hajiya Damata ta kasa kaya tana ɗar-ɗar, ta jira. Har azahar ko hankaka ɗaya bai sauko ba. Washegari ma haka. Rana ta uku Kadiri ya ji sauƙi, ya ɗauko tsintsiya ya fito, sama ta yi baƙi da fukafukai.

Hajiya ta tare shi tun daga nesa, da ƙunshin waakye a ganye, har da ƙwai biyu.

"Kwamanda, na yafe sauran kwanakin," ta ce. "Karɓi wannan. Kullum zan aika maka gida. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah: in za ka fita, ka bi ta bayan masallaci."